Kayan da Rabe Ya Ɗaura

Ranar Talata na tashi kamar kullum. Na yi sallar asuba, na fito da babur tsakar gida, na shimfiɗa masa mangala. Mangala ce irin ta jaki, sai dai tawa ta tamfol ce, da kaina na ɗinka ta daidai faɗin babur. Zogale buhu uku nake da shi na masu lambu, zan kai kasuwar Maraɗi. Biyu suka shiga mangala, ɗaya dama ɗaya hagu, na uku ya hau bisa. Na ja roba na gicciya, na sake gicciyawa, na cusa bakinta ƙarƙashi. Na kama babur na girgiza, kaya bai motsa ba.

Sunana Lawali. Sana'ata ke nan tun ina saurayi, dakon kaya a babur tsakanin garinmu da Jiratawa da Maraɗi. Ba zan kama sunan garinmu ba, don akwai waɗanda suka koma. Ya isa in ce yana kudu da Jiratawa, daji kuma na bayansa. In ana maganar ɗaurin kaya ba ni da kunya, yabon kaina nake yi. Ban taɓa zubar wa mutum kaya a hanya ba. Na kai ƙwai Maraɗi cikin damina ko ɗaya bai fashe ba. Na taɓa ɗaukar akuya da bido biyu, wato jarka, na man gyaɗa da mai akuyar, muka isa lafiya, akuyar ce kaɗai ta yi ƙorafi.

Ina cikin ɗaurin Rabe ya shigo, ba sallama, don shi ba ya sallama a gidana. Uwarsa ta rasu yana jinjiri, Inna mahaifiyata ta haɗa mu ta shayar. Nono ɗaya muka sha, tabarma ɗaya muka jiƙa da fitsari, rana ɗaya aka yi mana kaciya. Ni na koya masa tuƙi. Ɗauri ma na yi ta koya masa har na gaji, don Rabe mutum ne mai gaggawa. In ya ɗaura kaya da kansa tun daga nesa za ka ji shi, tukwane na kiɗa, buta na rawa. Sana'arsa sayar da mai a kwalabe bakin hanya, da burodi, da cajin waya.

Ya ce in ara masa mangalata ta biyu da sababbin robobin da na yanko. Wai gobe da hantsi zai kai wa surukansa tattasai Tibiri, inda matarsa da yaransa suka tafi ganin gida tun makon jiya. Na ɗauko na ba shi. Na ce in ya watsar da tattasan mutane a hanya kada ya kuskura ya ce ni na koya masa. Da wata rana ce da ya rama har sai na nemi sulhu. Ran nan murmushi kawai ya yi, ya naɗe robobin a hannu. Na ɗauka cikinsa ne ya motsa, don ya daɗe yana fama da ciwon ciki.

Kafin in kama hanya na biya gaida Inna. Tana tsohon gidanmu a tsakiyar gari, danga ɗaya ta raba ta da gidan Rabe. Ni da na yi aure na fita gefen arewa na yi gini, na yi juyin duniya ta biyo ni ta ƙi. Ta ce ba ta barin ɗakin da ta haife ni don in ji daɗi, kuma ai ga ɗanta nan kusa. Rabe take nufi. Ta tsufa, ta rame, gwiwoyi sun ƙi, ba ta zuwa ko'ina sai da sanda. Ta ba ni sautun goro, da kanwar da za ta haɗa wa Rabe maganin ciki. Ita ke daka masa saiwoyi tun yana yaro.

Inna tana tsoron babur. In dole ta kama ta hau, sai ta ɗauko bargonta, shuɗi mai jan layi, ta lulluɓa tun daga ka har ƙafa, wai kada ta ga ƙasa tana gudu. Ta dunƙule, ta manne da bayan mai tuƙi, ba magana ba motsi. Duk gari an san ta da haka. Rabe yakan tsokane ta, in sun isa ya ce mutane su zo su taya shi sauke buhu. Ita kuma ta kai masa sanda.

Dole in faɗi yadda muka shirya, don wanda bai zauna irin garinmu ba ba zai gane ba. Tun da 'yan bindiga suka fara shiga garuruwan da ke kudu da mu, maza suka zauna a ƙofar masallaci aka yi rabo. Duk mai babur an ba shi mutumin da zai ɗauka in abin ya zo: tsoho, makaho, mai ciki, wanda dai ƙafa ba za ta fisshe shi ba. Aka kafa sharaɗi. Babur ya kwana da mai, ya kwana yana kallon ƙofa, bayansa wofi, ko buta kada a bari a ɗaure. Wanda za a ɗauka kuma ya ajiye ɗan ƙunshinsa kusa, in ya ji harbi ya fito inda aka yi da shi ya zauna. Ni ina da Zuwaira matata da tsohon ciki, ga 'yan mata biyu ƙanana. Da aka zo kan Inna na buɗe baki zan yi magana, Rabe ya riga ni. Ya miƙe tsaye ya dafa ƙirji.

"Inna tawa ta. Kowa shi hidda ta cikin lissahi."

Aka yi da ita za ta zauna kan turmin da ke kife a ƙofar gidansa. Na ji daɗi ƙwarai ran nan, na ce Allah ya ba ni ɗan'uwa. Sharaɗin ya takura mini fiye da kowa, don da can tun dare nake ɗaura kaya in tashi in wuce. Yanzu sai gari ya waye nake farawa, in isa kasuwa masu saye sun ragu. Na yi ta mita, amma ban karya ba. Rabe shi ya fi kowa zafi a kai. Ya taɓa tara wa mai facin taya jama'a don ya bar bido ɗaure a babur ya kwana.

Na kai zogale Maraɗi na sauke, na ɗauro gishiri da sabulu na masu tebur. Na sayi goro da kanwa. La'asar ta yi mini a Jiratawa, na shigo gari rana na shirin faɗuwa. Na iske Inna zaune tana tankaɗe garin saiwa. Ƙofar Rabe a rufe, abin da ba ya yi kafin isha. Na jiyo shi ciki yana jan kaya. Na ɗaga murya na ce mai tattasai, a yi a hankali. Ya amsa daga ciki, bai leƙo ba. Na wuce gida na kwance komai daga babur, na juya shi ya kalli ƙofa.

Laraba. Mun idar da sallar asuba, gari ya yi haske, mata sun fara hura wuta. Ina tsugune ina duba sarƙar babur. Sai na ji ƙugi daga kudu. Babura ne da yawa, tafe tare. Na san muryar kowane babur na garinmu, waɗannan ba namu ba ne. Karnuka suka fara haushi. Sai harbi ɗaya. Shiru kaɗan. Sai ya ɓarke ta ko'ina.

"Sun shigo! Ku hita! Ku hita!"

Ban san wanda ya yi ihun ba. Na ɗora ƙaramar yarinyar kan tanki, babbar a bayana, Zuwaira ta hau ƙarshe. Ta rungumo tukunya. Na daka mata tsawa ta yar. Tukunyar ta fashe a ƙofa, ban waiwaya ba. Babur ya tashi bugu ɗaya.

Hanyar tsira arewa take, kuma a bakinta nake. Amma na juya cikin gari. Na san an yi rabo, na san Rabe na nan, duk da haka zuciyata ta ƙi. Na kutsa cikin masu gudu har rijiyar tsakiyar gari. Hayaƙi ya riga ya tashi daga rumbunan kudu. Harbin ya matso, har muna jin ihunsu suna cewa kowa ya kwanta. Ladanmu ya wuce ni da gudu, ya kai gindin itacen bedi, ya faɗi. Bai tashi ba.

Daga nan na hango Rabe. Ya fito ta lungun bayan gidansa. A bayansa ga bargon Inna, shuɗi mai jan layi, a dunƙule, manne da shi, ya sauko dama da hagu yadda take rufe ƙafafunta. Cikin wannan tashin hankalin ma sai da na kasa kunne, sana'a ta saba mini. Babu ƙarar tukunya, babu ta buta. Rabe bai taɓa ɗaukar kaya shiru ba. Abin da ke bayansa mutum ne. Haka idona ya gaya mini, haka kunnena ya gaya mini.

"Rabe! Inna?"

Ya dube ni. Ya ɗaga hannun hagu.

"Tahi! Tahi, Lawali!"

Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi. Na juya kan babur arewa.

Muka shiga gonaki. Hatsi ya yi tsayi ya fi mutum, shi ya rufa mana asiri. Ganye na yankar fuska, ƙaramar ta kwantar da kai kan tanki. Harsashi na wucewa bisa kanmu yana tsinke kan hatsi. Zuwaira tana salati a kunnena ba tsayawa. Wata mata ta fito daga cikin kara ta tare hanya, jariri a hannu. Miƙo shi kawai ta yi. Zuwaira ta karɓa ta ɗora kan cikinta. Babur ɗin da na ce ya cika sai ga shi ya ɗauki na biyar.

A kwazazzabo ruwan shekaranjiya bai janye ba. Na sauke su suka ratsa da ƙafa, ruwa har cinya. Na tura babur, ya nutse a tsakiya, na ja shi da ƙarfin da ban san ina da shi ba. A ƙetare na buga, ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Bayanmu muna jin sun fito bakin gonaki suna kora shanu, suna harbi sama. Babbar yarinyar ta fara kuka, uwarta ta toshe mata baki. Na kwance buji, wato fulogi, na goge da bakin riga, na mayar. Ya tashi. Rabe ban sake ganinsa ba. Na ce ya bi ta yamma inda tudu yake don kada ya jiƙa tsohuwa. Har yaba masa hankali na yi.

Hantsi ya yi muka shiga Jiratawa. Ruwa na gudu cikin magudanan lambu, mutane na tsinkar zogale, wani na jin rediyo. Suka miƙe suna kallonmu. A inuwar itatuwan bedi kusa da kasuwa muka yi za mu haɗu. Babura suka riƙa isowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da mutuminsa. Mai faci ya zo da makahon malaminmu. Ɗan mai gari ya zo da tsofaffi biyu, ɗaya ya ɗaure ta a jikinsa da rawani don kada ta zame. Uwar jaririn ta iso da ƙafa, ƙaya ta yayyage ta, ta karɓi ɗanta ta zauna. Duk ƙugin da na ji sai in miƙe. Ba na Rabe ba ne.

Na kira wayarsa, a kashe. Mutanen Jiratawa suka kawo mana ruwa da tabarmi. Aka kira azahar. Wani mai sayar da rake ya ce ya ga mai babur ya hau kwalta tun da sassafe, bai tsaya ba, ya nufi Maraɗi da mutum lulluɓe da bargo a baya. Hankalina ya kwanta. Na ce wa Zuwaira Tibiri ya wuce da ita wurin surukansa, inda za ta samu ɗaki da shimfiɗa maimakon gindin itace. Na ce Rabe ya fi ni tunani.

Zuwaira ta fara cije leɓe, bayanta ya riƙe. Na kwashe su zuwa Maraɗi, gidan yayanta a Sabon Gari. Birni na nan yadda na bar shi jiya. 'Yan kabu-kabu na rububin fasinja, masu shayi na kaɗa kofi, wani ya zage ni don na tare masa hanya. Na ji kamar in sauka in shaƙe shi. Na sauke iyalina, matan gidan suka karɓe su. Na tuna Inna ba ta karya ba, kuma ba ta sakin jiki da abincin baƙon wuri. Na sayi fura mai nono da yawa yadda take so, aka zuba mini a 'yar roba mai murfi, na rataya a gaban babur.

Na isa Tibiri bayan la'asar. Na san gidan, ni na kai kayan auren Rabe can a wannan babur ɗin. Na yi sallama na shiga zaure. Babur ɗinsa na tsaye a ciki. Bargon na kansa yadda na gan shi da safe, a dunƙule.

Na tsaya. Abin da ya fara zo mini wauta ce, wai har yanzu ba a sauke ta ba. Na kira sunanta a hankali. Na kama bakin bargon na yaye.

Kaya ne.

Mangalata ce, dama da hagu. Gefe ɗaya batir da kan keken ɗinkin matarsa, ɗaya gefen rabin buhun hatsi, an auna nauyi ya zo daidai. A bisa katifa ce a ninke, a tsakiyarta farantin sola don kada ya fashe. Tukwane an jera ƙarama cikin babba, kowace an naɗe ta da tsumma. Ludayi da cokula an ɗaure su da zare an tura cikin matashin kai. Buta ma an ɗaure ta baki da hannu. Duk inda roba za ta ci buhu an sa kwali. An gicciya, an sake gicciyawa, an cusa baki ƙarƙashi. Na kama babur na girgiza, abin da hannuna ya saba. Ba motsi, ba ƙara.

Ɗaurina ne. Shekara da shekaru ina koya masa yana ƙi, ashe ya iya. Ni da nake taƙama, irin wannan ɗaurin yakan ci mini daga magariba har bayan isha. Wanda harbi ya tasa ba ya naɗe tukunya da tsumma. Jan kayan da na ji jiya ke nan. Na duba wurin zama. Kayan sun taho tun daga ƙarfen baya har inda mai tuƙi ke zama, ko tafin hannu ba a bari ba. Ba wai ya zo ɗaukar Inna abin ya gagara ba. Tun jiya, a natse, da robobina, ya ɗaure wurinta.

Rabe ya fito daga cikin gida. Ya gan ni da bargo a hannu, ya tsaya. Na tambaye shi ina Inna. Ya dubi ƙasa. Na sake tambaya. Sai ya fara zuba. Wai mutanen daji da ke sayen mai da burodi a wurinsa su suka gaya masa za su shigo gari, shi ya sa ya tura matarsa. Wai sun ce in gari ya watse kafin su zo sun san bakin da ya yi magana, kuma sun san hanyar Tibiri. Wai ya yi niyyar ya sauke kaya ya koma. Wai ba sa taɓa tsofaffi. Bargon kuma wai ita ta ba shi da kanta jiya, da ya ce mata yana tsoron ruwa ya jiƙa tattasai. Yana magana yana dafe ciki.

"In na hwaɗi yanka ni za su yi, Lawali. Ka sani."

"Ban ce ka hwaɗi ba. Wuri za ka bar mata. Inna ba ta kai nauyin rabin buhun ga ba."

Na matso kusa da shi.

"Da na tambaye ka bakin rijiya, mi ya sa ka ɗaga man hannu? Ina kusa. Da na ɗauke ta ko bisa wuyana."

Ya kau da kai.

Tsoro na san shi, ni ma na ji shi da safe. Da tsoro ne kawai, wataƙila wata rana in yafe. Hannun nan da ya ɗaga shi ne ya tsaya mini a wuya. Tsakanin rijiya da turmin nan ba nisa, in ka yi kira ana ji. Ya ga na zo, ya san abin da ya kawo ni, ya sallame ni. Ba 'yan bindiga suka juya kan babur ɗina ba, Rabe ne.

Ban doke shi ba. Har yau ina mamaki, don ni ba mai haƙuri ba ne. Na zaro bakin roba ta farko na warware, na bi sauran. Katifa ta zame, tukwane suka zube suna gangara cikin zaure, sai ga ƙarar da na saba ji a bayan Rabe. Na zazzage mangalata a ƙasa. Surukansa suka fito suna tambayar ko lafiya. Na naɗe robobina, na ninke bargon, na fita.

Na kama hanyar gida a guje. A Jiratawa jandarmomi sun tare hanya, suka ce ba mai wucewa sai gobe, tare da su. Na roƙa, na yi faɗa, na yi kuka, ba su bari ba. Na gaya wa kaina wataƙila ta shiga gona, wataƙila wani ya ɗauke ta, wataƙila gaskiya ne ba sa taɓa tsofaffi. A nan na kwana gindin bedi. Furar na rataye a babur har ta yi tsami ta ɗaga murfi.

Alhamis da hantsi muka shiga bayan motocinsu. Gari shiru, sai ƙudaje da ƙaurin hatsin da ya ƙone. Ba akuya ko ɗaya, ba kaza. Na wuce gidana ban tsaya ba. Na wuce rijiya.

Tana nan inda aka yi da ita. Ta zame daga kan turmin ta jingina da danga, sandarta a gefe. Takalmanta na ƙafa. Ƙunshinta na kan cinya, ta riƙe shi da hannu biyu. Harbi ɗaya ne, a ƙirji. Wani ya rufa mata ɗankwali a fuska. Na zauna kusa da ita. Sannan na zagaya bayan gidan Rabe. An yanke dangar kara da wuƙa, yanka mai kyau, daidai faɗin babur mai mangala, an jingine a gefe.

Gwaggo Dije mai ƙosai, maƙwabciyarsu, ita ta rufa mata fuskar. A cikin hatsi ta wuni ta kwana. Ta ce da harbi ya tashi ta iske Inna ta riga ta fito ta zauna. Ta kama hannunta ta ce su shiga gona, ga ta nan kusa, ko da rarrafe. Inna ta fizge. Suna cikin haka suka ji babur ɗin Rabe ya tashi a cikin gida. Dije ta ce fuskar Inna ta washe, ta gyara ƙunshi a cinya.

"Kin ji shi nan. Tahi abinki, Dije. Kar shi zagayo bai ishe ni ba."

Dije ta ce tana cikin hatsi tana jin ƙugin yana nisa. Ta ce Inna ma ta ji, don kunnenta lafiya lau. Amma ba ta tashi ba.

Muka yi wa mamatanmu sutura kafin azahar, jandarmomi na tsaye suna cewa mu yi sauri. A cikin bargonta muka ɗauke ta zuwa makwanci. Ni da mai faci muka kama, da muka ɗaga sai na ga ni kaɗai ma na isa. Na ce ya saki. Na ɗauke ta a hannu har kusa da inda aka sa ladan.

Na dawo gindin turmi na kwance ƙunshin. Zane ɗaya. Tasbaha. Goron da na kawo mata, ta ci rabin ɗaya. Sai ƙullin leda, garin saiwa da kanwa, an tankaɗe an ƙulle da kyau. Maganin Rabe ne. Ta sa shi cikin kayan gudu don kada cikinsa ya tashi a inda za su. Na mayar na ƙulle, na ɗora a bayan babur, na ninke bargon a kai. Roba ɗaya na sa, har ta yi saura. Duk sauran bayan babur wofi ne har Maraɗi.

Zuwaira ta sauka lafiya a Sabon Gari, mace, muka mayar mata da sunan Inna. Muna nan birni, ina dako tsakanin kasuwa da unguwar Zariya. Rabe ya aiko manya, ban fita ba. Maganin na ba wani ɗan kabu-kabu mai zuwa Tibiri ya kai masa, don nasa ne, ita ta daka masa. Ya tambaye ni ko akwai saƙo. Na ce babu.

Masu zuwa gaisuwa sukan lissafa mini abin da na rasa: gida, rumbu, awaki, uwa. Nakan ce haka ne. A nan suke tsayawa, ni ma ba na ƙara musu. Amma biyu Inna ta shayar, ni kaɗai na zauna a tabarmar gaisuwarta.